Malama Pei Shulan, Mai Karanta Takardar Kowa

Ƙarfe bakwai saura kwata Malama Pei Shulan take jingine kekenta a gaban gini na uku. Kafin nan ta riga ta tsaya a rumfar ƙofar gabas ta sha kofin madarar waken suya, ta ci turararren burodi guda ɗaya a tsaye. Daga nan sai ta zaga ta bakin tafki, inda 'yan aji ɗaya suke karatun safe da ƙarfi, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya yana haddar kalmomin Turanci. Ba ta tanka musu sai ta ji wani yana nanata kuskure. Nan za ta matsa kusa, ta faɗi kalmar sau ɗaya yadda take, ta wuce. Ƙarfe takwas tana gaban allo. Haka ta yi shekara talatin da uku.

Jami'armu ta aikin gona ce, ba wanda ya zo nan don Turanci. Yawancin ɗalibanmu 'ya'yan manoman lardinmu na Shanxi ne, masu son zama likitocin dabbobi ko masana iri da ƙasar noma. Abin da ya haɗa su da sashenmu shi ne jarrabawar Turanci ta mataki na huɗu, wadda a shekarun baya in ba ka ci ta ba, jami'armu ba ta miƙa maka takardar digiri. Malama Pei tana koyar da karatu da rubutu a ajujuwa huɗu, kowane aji mutum arba'in, kuma kowane ɗalibi yana rubuta mata shafi guda a mako. Takarda ɗari da sittin ke nan, tana karanta kowacce daga layin farko har na ƙarshe. Ni sunana Gong Weimin, teburina yana kallon nata shekara goma sha tara, don haka abin da zan faɗa yawanci a gabana aka yi.

Akwai hanyar da kusan dukanmu muke bi a wannan aiki. Mukan ba ɗalibai ƙwarangwal ɗin insha'i su haddace, sai su riƙa cusa masa duk batun da aka tambaya. Ko cunkoson motoci ne, ko amfanin motsa jiki, za su buɗe da cewa sakamakon bunƙasar al'umma, wannan batu yana ƙara ɗaukar hankalin jama'a. Ana cin jarrabawa da hakan. Malama Pei kuwa layi take ja a ƙarƙashin jimlar, ta rubuta a gefe: waɗanne jama'a?

Wata ɗaliba ta taɓa biyo ta ofis a kan wannan.

"Malama, ai haka aka koya mana tun sakandare."

"Na sani. Kakarki tana cikin jama'ar da cunkoson motoci ya ɗauke wa hankali?"

"Kakata? Sau ɗaya ta taɓa shiga mota, ranar da aka kai ta asibiti. Duk hanya tana tambayar direba ko bai gaji ba."

"To, je ki rubuto min wannan."

Wanda aka fi tunawa a sashenmu shi ne Dou Chengwu, ɗalibin likitancin dabbobi. Ya faɗi jarrabawar sau uku, saura masa dama ɗaya kafin ya gama karatu. An yi masa alkawarin aiki a ofishin kula da lafiyar dabbobi na gundumarsu, amma sai da takardar digiri. Ba ma ɗan ajinta ba ne. Ya shigo ofis wata rana a watan Maris neman wani malami, bai same shi ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula.

"Me kake nema?" in ji Malama Pei.

"Sallama na zo yi, Malama. Gida zan koma. Awakin babana ba sa jin Turanci."

Ta miƙa masa wani shafin Turanci ta ce ya karanta mata sakin layi na farko. Ya zaro ƙamus daga aljihu. Duk kalmar da ya ci karo da ita sai ya buɗe, har wadda ya duba a layin sama. Ya kusa minti arba'in kafin ya kai ƙarshe, da ta tambaye shi me aka ce, bai sani ba. Ta karɓi ƙamus ɗin ta sa a durowa ta kulle. Ta ce gobe da rana ya kawo mata takardar da ake sakawa cikin kwalin maganin tsutsar cikin tumaki.

Washegari ta juya masa gefen da aka rubuta da Turanci.

"Ga tunkiya mai ciki. Nawa zan ba ta?"

Ya duba na ɗan lokaci. "Ba a ba ta wannan, Malama. Zai sa ta ɓari."

"A ina ka gani?"

Ya nuna layin da yatsa.

"Ka san wannan kalmar?"

"A'a."

"Wannan fa?"

"Ita ma ban san ta ba. Amma ai na san maganin."

"To, ka karanta Turanci ke nan, ba ka mutu ba. Zauna."

Mako goma sha huɗu suka yi. Kullum da rana, lokacin da sauran malamai muke kwantar da kai a tebur, shi yana gefen nata da kwanon taliya, ofis ya cika da ƙamshin ruwan tsami. Sun fara da takardun magani, suka koma rahotannin cutar dabbobi, sai a makonni biyar na ƙarshe ta ba shi tsofaffin tambayoyin jarrabawa. A wancan lokacin, da maki sittin cikin ɗari ake ci. Ya samu sittin da ɗaya. Da ya bugo wayar ofis, har daga kujerata ina jin ihunsa.

"Sittin da ɗaya?" ta ce. "Ina ka zubar da sauran talatin da taran?"

Ta ajiye wayar, ta cire tabarau, ta juya tana kallon taga. Can ta mayar da tabarau ta jawo takarda ta gaba. Dou Chengwu yanzu shi ne babban likitan dabbobi a wata gunduma ta kan tsaunuka. Ya gaya min cewa duk rahoton da ya zo musu da Turanci, teburinsa ake kawowa.

Irin wannan aiki ba ya kai mutum ko'ina a jami'a. Kwamitin ƙarin girma maƙalolin bincike yake ƙirgawa, ita kuwa biyu kacal ta buga. Sau uku ta nema, sau uku aka ce ta ƙaro. Na taɓa ce mata ta rage aikin mako-mako ta samu lokacin rubutu, ta ce za ta duba, ba ta duba ba. Ni na rage nawa, na zama mataimakin farfesa, daga baya mataimakin shugaban sashe. Ita lakcara ta daɗe, lakcara ta gama.

Shekara uku da suka wuce takardun ɗalibai suka sauya. Ba kuskure ko ɗaya. Ta karanta na mako guda, sannan ta ɗago kai.

"Ƙanena Gong, ɗalibaina duk sun zama Turawa. Ba wanda ya gaya min."

Manhajar waya ce take rubuta musu. Ta kira wata ɗaliba mai ƙoƙari, Shan Ruoxi, ta nuna mata kalma uku a cikin insha'inta, ta ce ta faɗi ma'anarsu. Ruoxi ta san ɗaya. Mako na gaba Malama Pei ta shiga aji da kwando. Kowa ya zuba wayarsa, a rubuta shafin nan a aji, da hannu, cikin minti talatin.

Wani dogo daga kujerun baya ya ɗaga hannu. "Malama, ba raini ba, amma manhajar nan ta fi ki iya Turanci."

"Ta fi ni. Kai ma ta fi ka. To in an tashi ɗaukar aiki, me za a yi da kai?"

Aji ya fashe da dariya, amma ba su yafe mata ba. A ƙarshen kowane zango ɗalibai suna ba malamai maki ba tare da sa suna ba. Ta zo ta ƙarshe a sashenmu. Zango na biyu ma ta ƙarshe. A ƙa'idar makarantarmu, wanda ya yi haka sau biyu a jere ana iya ɗauke shi daga aji. Shugaban sashe, Farfesa Xing, ya kira ta, ni ma ina zaune.

"Yaya Pei," ya ce, yana zuba mata shayi, "saura miki shekara biyu. Me zai hana ki ƙyale su? Duniya ta wuce wurin nan."

"In na ƙyale su, takardar wa zan karanta? Na'ura ta rubuta, ni in zauna in ba na'ura maki?"

"Ba wanda ya ce dole ki karanta duka."

"Ni na ce."

"Haba, Yaya. Daga sama ake matsa min."

"To ka cire ni in za ka cire ni. Amma ka rubuta dalilin a takarda, kuma kai za ka rubuta da kanka."

Bai cire ta gaba ɗaya ba. An karɓi aji biyu daga hannunta aka ba matasan malamai, aka bar mata biyu. Takardar tana buƙatar hannun mutum biyu, na biyun nawa ne. Na sa hannu. Da na dawo ofis ta tambaye ni ko na ga inda ta ajiye alli, ba ta taɓa tayar da maganar ba har yau.

Mako biyu da fara sabon zango muka tarar da takardu uku a ƙarƙashin ƙofar ofis, rubutun hannu, daga ajujuwan da aka karɓe mata. Ta Shan Ruoxi ce a sama. Ba maki a ciki, ba wanda ya sa su. Malama Pei ta karanta, ta yi gyara, ta ajiye su a kan kujera a baranda. Mako na gaba suka zama takwas. Sun tsaya a goma sha bakwai, haka suka ci gaba har ta yi ritaya.

Ruoxi ta nemi digiri na biyu a wata babbar jami'a. A ranar ganawa da malamai an karɓe wayoyi a ƙofa, aka ba kowa shafin Turanci a kan gishirin ƙasar noma, ya karanta ya bayyana. Da ta dawo ta ba mu labari a tsaye, ko jaka ba ta sauke ba.

"Wanda ya shiga kafin ni da kuka ya fito, Malama. Ni na yi kuskure wajen biyar."

"An ɗauke ki?"

"An ɗauke ni."

"To waɗanne ne biyar ɗin?"

Malama Pei, ke ce wadda ɗan makiyayi zai miƙa wa shafi mai kuskure talatin, ki nemo jimla ɗayar da take tasa ki ce masa daga nan zai fara. Ke ce kika riƙa tambayar 'ya'yan manoma abin da suka gani da idonsu, a harshen da suka ɗauka na wasu ne, har suka gane ana iya ba da labarin kaka da tunkiya da gishirin gona a cikinsa. Ba ki da taushin baki, ban taɓa jin kin yabi ɗalibi fiye da kalma biyu ba. Uwar masu tuntuɓe, wasu tsofaffin ɗalibanki suke kiranki, amma a bayan idonki, don sun san ba za ki so ba. Ina cikin waɗanda suka bi hanya mai sauƙi suka wuce ki a muƙami, kuma hannuna yana kan takardar da ta rage miki aji. Na faɗa a nan don ba ki ba ni damar faɗa a ofis ba.

A ƙarshen watan Yuni muka yi mata walimar ban kwana a ɗakin cin abinci na malamai, tebur uku. Farfesa Xing ya yi jawabin minti ashirin. Da aka ce ta yi magana, ta miƙe ta riƙe bayan kujera.

"Na gode. Fankar aji na ɗari biyu da huɗu ta lalace tun bara. Yara suna rubutu gumi yana ɗiga a takarda. A gyara kafin su dawo."

Ta zauna ta ci gaba da cin abincinta.

Mun gode, Malama Pei, a madadin sashen da bai iya godiya a kan lokaci ba, da kuma dubban da suka ratsa ajinki suka bazu cikin gundumomi. Ga matasan malamai da suka gaje ki, ba zan ce ku ƙi rubuta maƙala ba, kuna da iyali. Amma ku zaɓi aji ko da ɗaya ne ku yi masa irin nata, ku ɗauki abin da ɗalibi ya rubuta kamar magana ce yake yi muku, ku ba shi amsa. Wanda kuma ya san ya taɓa zama a gabanta, ya je ya gaishe ta tun tana da ƙarfin yi masa faɗa.

An gyara fankar ranar Litinin. Ni na riƙe wa mai gyaran tsani.