Duba Masaƙa a Sharaɗa Farkon Damina

Ana sallame sallar Asuba muka bar Kaduna, ni da direba da wani lauya da ya fara minshari tun kafin Zariya. Masu wata rufaffiyar masaƙa a Sharaɗa ne suka ɗauko ni in duba musu ita, in ce a buɗe ko a sayar. Wai ni na dace, tunda na yi dakta a injiniyanci, na ɗora da digiri na biyu a harkar kasuwanci. Da na san abin da zan tarar, wallahi da na ce ba ni da lafiya.

Daga Kwanar Dangora har Kura, ko'ina mutane ne a sunkuye suna shuka. Gidajen mai a rufe, sai 'yan bumburutu, kuɗin galan ɗaya ya sa direbanmu salati. Ƙosan Kura ma ya ƙanƙance kamar na wasan yara.

Bompai muka fara biyawa karɓar makullai. Inda na sani da jiniyar canjin aiki, yanzu awaki ke kiwo a ƙofar kamfanoni. A Challawa warin jima na nan daram. Na leƙa wata masaƙar da ke ɗan motsi, manajan ya nuna min janareta ya ce, "Wannan muke yi wa bauta."

A Sharaɗa muka tarar da ma'aikata zaune ƙarƙashin darbejiya. Kullum sai sun zo da safe, don kada ranar buɗewa a ce sun gudu daga aiki. Cikinsu har da yayana, wanda da albashin masaƙar nan ya yi min makaranta. Yana ganina ya miƙe.

"Ƙanena ne! Tunda shi aka turo, ai an gama."

Injinan lafiyarsu ƙalau, har sai da na shafa ɗaya don daɗi. Amma da na zauna na haɗa rashin wuta da tsadar dizal da atamfar fasa-ƙwauri da ta cika Kantin Kwari, sai na ga lissafin ba zai fita ba. Ko gobe aka kunna injinan za su tashi, amma ba za su kai kaka ba. Lauya ya tuna min na sa hannu ba zan yi magana ba sai masu wurin sun sanar, su kuwa sai su kai baɗi.

Da na fito, Yaya ya ja ni gefe ya miƙo min gurasa.

"Dakta, ya ka gani? Daga gida ana ta aiko min, in zo in yi shuka ko a ba wani aron gonar. Na ce su dakata. Injinan fa?"

"Lafiyarsu lau, Yaya."

Ya washe baki. Na ajiye gurasar na dube shi.

"Yaya, ku tafi ku yi shukar. Gobe."

Ya kalle ni, ya gane inda na dosa. Ya ce, "To." Ya je ya naɗe tabarmarsa, sauran suna kallonsa.

Muka koma Kaduna raina a jagule. Tafiyar nan ta nuna min karatun farko ya koya min ta da inji, na biyu ya koya min lokacin da za a bar shi a kwance, amma babu wanda ya koya min yadda zan faɗa wa yayana. Washegari matarsa ta bugo waya ta ce ya hau motar garinmu Gumel ko karyawa bai yi ba, ya ce a yi min godiya.