Amalanken Lurwanu da Tsofaffin Unguwa Biyu

A Gidan Kalgo, wani ƙauye cikin karkarar Korgom, ba a tambayar mutum jam'iyyarsa, ƙofar gidansa ake dubawa. Unguwar Gabas ta masu alamar tulu ce, Unguwar Yamma ta masu alamar fitila. Asalin abin rijiya ce. Da aka zo gininta, kowace unguwa ta ce a wajenta za a haƙa, aka haƙa a gabas, sai Yamma ta rantse duk inda Gabas ta jefa ƙuri'a ita ba ta jefawa can. Waɗanda suka yi rigimar sun daɗe da rasuwa, jikokinsu suna auren juna, amma ƙuri'a tana nan yadda aka bar ta.

Lurwanu mai amalanke a tsakiya gidansa yake, jikin masallaci. Ya gaji sana'ar daga mahaifinsa tun zamanin da babu babur ko ɗaya a garin, in an ji ƙarar inji yara su fito kallo. Shi ke kai wa kowa taki gona, shi ke kwaso dammunan hatsi da kaka. Abincinsa a hannun unguwa biyu yake, don haka ko matarsa ba ta san wa yake zaɓa ba. Ranar zaɓe sawu biyu yake yi zuwa lakwal, wato makarantar bokon garin gaba, inda biron zaɓe, wurin jefa ƙuri'a, yake: tsofaffin wata unguwa da safe, na ɗayar da azahar. In Gabas ta fara a wannan zaɓe, Yamma ke farawa a na gaba.

Ranar zaɓen kansaloli da ya wuce, ya tashi ya tarar ɗaya cikin shanunsa biyu ya taka kututture, ƙafa ta kumbura. Saura ɗayan, wani jan sa, shi kuwa ya tsufa, sawu guda kaɗai zai iya cikin wannan rairayi. Tsofaffin nan ba masu hawa babur ba ne. Duk unguwar da ya ɗauka ya bar ɗaya, magana ta ƙare: za a ce an gane inda ya dosa, rabin gari ya daina kiransa aiki.

Sai ya aika wa unguwannin biyu su taru ƙofar gidansa lokaci guda.

Inna Zara'u, uwar matan Gabas, ta iso tana haki, ta ja ta tsaya. "Lurwanu, mi nike gani haka? Da waɗanga za ka gama mu?"

Gwaggo Hamida ta Yamma, siririya mai kaifin baki, ta dube ta sama da ƙasa. "Ba banza kika bi tulu ba, Zara'u. Ga ciki, ga gajeren wuya."

"Gara ni. Fitilar taku ko kananzir babu, sai hayaƙi."

Lurwanu ya durƙusa. "Iyayena, ku yi mini rai. Sa guda ya rage. Amalanke kuwa ba ta san unguwa ba, nauyi ta sani. In masu jiki suka taru gefe guda, mu duka muna ƙasa."

Da haka ya zaunar da su, mai ƙiba kusa da ramamme, ba ruwansa da gabas ko yamma. Inna Zara'u ta sami tsakiya bisa ƙafafun amalanke, aka cusa Gwaggo Hamida a haƙarƙarinta.

Tafiya ta yi kyau har busasshiyar ƙorama, inda tayoyi suka nutse. Jan sa ya ja, ya ja, ya tsaya yana huci. Lurwanu bai ɗaga bulala ba. Rana ta karkata, kowa ya san biro ba ya jiran mutum. Gwaggo Hamida ce ta fara dirowa ta ci ɗamara.

"Sauko, 'yar tulu! Ina ƙarfin furar da kike sha?"

"Don in soke ƙuri'arki zan tura, ba don ke ba," in ji Inna Zara'u, ta sa kafaɗa.

Duk mai sauran ƙafa ya sauko, aka tura ana zolayar juna, amalanke ta haye. Sun isa bayan la'asar, malamin lakwal mai kula da ƙofa yana dariya ganin tulu da fitila sun shigo da ƙasa iri ɗaya a zannuwa. Da aka ƙidaya, ba abin da ya canja: Gabas ta bi tulunta, Yamma ta bi fitilarta.

Kashegari Inna Zara'u ta zo da ƙwaryar dusa, ta ce a ba jan sa, wai "sanmu". Labari ya kai Yamma, kafin azahar ga Gwaggo Hamida da damin harawa da ya fi ta tsawo, tana faɗin tun yaushe ya zama nasu. Gasar ba ta tsaya ba har faɗuwar damina. Jan sa ya yi ƙiba, gurgun ma ya warke a kan ragowar, kuma a wannan rani Lurwanu ne ya kai takin unguwannin biyu gona.