Dattijon da ke auna kinin sau biyu

A wani ƙaramin shago a bakin kasuwar Agadas, dattijo mai tabarau ɗaure da zare yana haɗa wa wata mata maganin zazzaɓin jaririnta. Yana auna garin kinin, ya rage kaɗan da bakin wuƙa, ya sake aunawa. Ba mai tilasta masa, don ban taɓa ganin mai bincike daga Yamai ya leƙo nan ba. Wataƙila ya taɓa kuskurewa sau ɗaya.

Wanda ya haɗa wa ɗiyata Habsatu nata bara, da ido ya auna.

Dattijon ya ɗago kai. "Malam, na yaro ne? Shekara nawa?"

Na ce, "Da tana raye, bana za ta cika huɗu."

Ya ajiye wuƙar, ya matso mini da kujera.