Wake biyar a bakin faifai

Ƙanwata ta fi duk 'yan ajinsu a unguwar Nima iya karatu da murya. Amma in ka tambaye ta wa ya je kasuwa a cikin labarin, sai ta rufe ido ta faro daga layin farko, kamar mai ba da hadda. Malamarsu ta aiko cewa in ba ta ci jarrabawar ƙarshen shekara ba, za ta maimaita aji huɗu.

Ni aka ɗora wa aikin, tunda ni ce mai littattafai a gidan. Na ja layi da rula, na tsara jadawali, na rubuta tambayoyi goma a kati. Cikin sati biyu ta haddace tambayoyin, har da lambobinsu.

Kakarmu tana sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titin Maamobi. Kullum bayan la'asar takan zauna a tsakar gida tana tsintar waken gobe, kusa da bencin da muke karatu. Wata rana ta katse mu.

"Ƙawata," ta ce wa ƙanwata, "ni ba na jin Turanci. Me mutumin nan ya yi? Ba ni kamar gulma."

Ƙanwata ta ce, "Manomi ne. Akuyarsa ta ɓata."

Kaka ta ajiye ƙwayar wake ɗaya a bakin faifai. "To, jakinsa ya ɓata."

"Akuya, Kaka."

"Sai ya kai ƙara wurin 'yan sanda."

"A'a, maƙwabcinsa ya zarga. Kaka, ba kya saurare."

Wake na biyu ya sauka. Kowane abu da ya faru yana da nasa waken, kuma kafin a ƙara sabo sai an maimaita na baya. Kaka tana ɓata labarin da gangan, ƙanwata tana komawa littafi cikin fushi don ta kawo hujja. Ban taɓa ganin ta nemi wani abu a shafi ba sai ranar.

Yaran gidan hayarmu suka shigo ciki, wasu da yaren Twi, wasu da Hausa. Kowa ya riƙe wake ɗaya da yankinsa na labarin. Ni, da ban cika magana a taro ba, aikina buɗe littafi in raba gardama.

Ranar karɓar sakamako ni na raka ta. Malamar ta ce ta wuce aji biyar, sannan ta nuna mini takardar. Tambayar ita ce ina aka ga akuyar. Ƙanwata ta amsa daidai, bayan rumbu, sai ta ƙara layi uku a ƙasa cewa manomin bai kyauta ba, ya kamata ya je ya ba maƙwabcinsa haƙuri.

"Ba a tambaye ta wannan ba," in ji malamar, "amma na bar mata makinta."