Ludayin Alhaji da lamba goma

Jiya a wurin shayi samari suka kaure da gardama: mai ƙungiya ke zaɓen ɗan wasa ko mai horarwa? Sai ga Baba Idi, wanda ya horar da mu balo, wato ƙwallon ƙafa, nan Matameye shekarar fari, zamanin soja.

Lokacin, Alhaji mai ƙungiyarmu kan kawo ƙwaryar fura bayan atisaye. Duk wanda ya fara miƙa wa ludayi, shi ke sa lamba goma ran wasa. Ni kullum sai gindin ƙwarya.

Na ce, "Baba, tsakani da Allah, wa ke zaɓe?"

Ya ce, "Ni mana! Amma da yunwar nan, ra'ayina bai taɓa saɓa wa ludayin ba."

Ku a garinku, wa ke riƙe da ludayin?