Yadda Na Ruɓar da Albasar Gidan Katta

Ni haifaffen Illela ne. Kafin in lalace, aikina cika wa 'yan kasuwa takardu a bakin iyaka, da ɗan teburina da birona. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, sai yayan mahaifiyata, Kawu Mamman, manomin albasa a Gidan Katta, ya riƙe ni har na gama sakandare. Ko'ina ya zauna sai ya yi alfahari da ni, wai ɗansa ya iya rubutun gwamnati.

Ɓarnar ta fara ne da ƙaramin abu. Wani direba ya ce in rubuta gero, alhali atamfa ce a motarsa. Na rubuta, ya ba ni na goro. Ban ji komai a raina ba, kuma wannan rashin jin shi ke ba ni tsoro yanzu. Kafin shekara ta zagayo, duk mai son takarda ta yi masa ƙarya ya san teburina.

Ana nan sai gwamnati ta fito da wani tsari: duk wanda ya kafa masana'anta a karkarar da talauci ya yi wa katutu, za a ɗauke masa haraji na wasu shekaru, injinan da zai shigo da su ma ba zai biya musu fito ba. Tsari ne mai kyau, don irinmu aka yi shi. Sai wani Alhaji baƙo ya zo teburina. Shi ba masana'anta yake so ba, takardar yake so, ya riƙa shigo da hajarsa da sunan injina.

Ya ce, "Kai ɗan gida ne. Nemo mini fili da jama'a, ni kuma in kawo kwano da fenti."

Na tafi wurin Kawu na ce za a gina wa manoman Gidan Katta sito na zamani, inda albasa za ta kai damina ba ta lalace ba. Shi ya ja ni wurin mai gari, shi ya tsaya mini aka ba da fili. Muka kafa ƙaton ɗakin kwano ba taga ko ɗaya, muka rataye fankoki ba waya, muka shafa wa mataccen janareto fenti. Jami'ai suka zo suka ɗauki hotuna, suka ci gasasshen nama, suka sa hannu. Ni a ganina magana ta ƙare.

Abin da ban kawo a raina ba shi ne mutane za su yarda da ni. Manoman wurin duk shekara sukan yi rudu, wato rumfar kara da ake ɗagawa daga ƙasa, iska na ratsa albasa ta ko'ina, har ta yi daraja da damina. Wata safiya cikin bazara ina bakin siton, sai ga Kawu da amalanke shaƙe da buhuna, bayansa layin amalanke har inda ido ya tsaya.

Ya ce, "Bana ba mu yi rudu ba. Mi za mu yi da shi, ga namu na zamani?"

Ya shiga ciki, ya dafa kwanon, ya janye hannunsa da sauri. "Wanga wuri da zahi hwa. Ta ina iska ka shiga?"

A nan ne Allah ya ba ni ƙofar tsira. Da na faɗi gaskiya, kwana uku ya ishe su su kafa rudu. Amma na ce, "Kawu, injiniya na hanya, jibi fankokin nan za su tashi."

Ya ce, "To, tunda kai kac ce."

Na kira Alhaji a waya, ya ce in karɓa, in na mayar da su asiri ya tonu. Na karɓa, na sa kwaɗo, na tsallaka iyaka zuwa Konni na ɓuya. Bayan mako uku wari ya hana kowa bin hanyar. Da manoman suka ɓalle ƙofar, baƙin ruwa ne ya malalo. Noman shekara guda na unguwa sukutum ya narke.

Aka kai ƙara, aka bi takardu. Alhaji ya yi layar zana, sa hannuna kuwa yana kan kowane shafi. Na yi shekara huɗu a gidan yari. Yunwa da kuɗin cizo duk na jure. Abin da ya karya ni shi ne zuwan Kawu, sau ɗaya tak. Ya rame, bai ko zauna ba.

Ya ce, "Abu guda ni ka so in ji. Randa nit tambaye ka iska, ka san babu?"

Na ce, "Na sani, Kawu."

Ya juya ya fita.

Da na fito na tarar ya sayar da gonar, yana gadin shago a kasuwar Illela. Na kuma ji cewa bayan ɗaure ni wani mai jari na gaskiya ya zo Gidan Katta da injinansa, a ƙarƙashin wannan tsarin, mutane suka hana shi fili, ya kwashe kayansa ya yi gaba. Ashe ba albasa kaɗai na ruɓar ba.

Na tuba ga Allah, na je na durƙusa gaban Kawu a bakin shagon ina kuka. Ya ce, "Na yahe maka, don ni ma ina biɗar gahwara. Amma kak ka ƙara ce min Kawu gaban mutane."

Samari, musamman ku da kuka yi boko, ku ji ni da kyau. Baƙo ba ya iya cutar garinku sai ya sami ɗan gari ya riƙe masa biro. In aka kawo muku takardar da kuka san ƙarya ce, komai ƙanƙantarta, ku ajiye biron ku tashi. Ni yau dako nake yi a kasuwar nan. Kullum sai na wuce ta gaban Kawu in gaishe shi, ya amsa mini kamar yadda yake amsa wa kowane baƙo.