Ba Shinshina Yake Yi Ba

Mijina mai gyaran rubutu ne a gidan jarida. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aikin: kafin a buga shafi sai an kawo masa, ya bi shi layi-layi da jan biro. A wurin aiki ba mai kiran sunansa, Baba Ƙugiya suke ce masa, don a duniya babu abin da ke ɗaga masa hankali irin ya ga an rubuta ƙa ko ɗa ko ɓa an bar ta babu 'yar ƙugiyar nan ta kanta. Ni ma ta nan ya same ni. Na buɗe shagon ɗinki, mai fenti ya rubuta min allo, sai ga wani siririn mutum ya shigo yana gumi, ko ƙyalle bai riƙo ba, wai an rubuta "dinki" kuma abin yana damunsa kullum in ya wuce. Na ce, "To Malam, ka canja hanya mana." Bai canja ba. Washegari ya dawo da tsani da gwangwanin fenti.

Sunan ya samo shi tun yana sabon shiga. Wani ɗan kasuwa ya kawo sanarwa an sami ƙaruwa a gidansa, mai buga rubutun ya cinye ƙugiyar, saura ƙiris gari ya waye da labarin an sami karuwa a gidan bawan Allah. Mijina ne ya ruga ya tsayar da injin bugu. Wannan labarin na ji shi ya fi sau dubu, har na fi shi iya ba da shi.

Shekara biyu da suka wuce na fara lura da shi. Yana zuba shayi sai ya zuba a gefen kofi. Wata rana ya yi wa rigar da na rataye a ƙofa sallama. Na yi dariya har da riƙe ciki, shi bai yi ba. Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya haska, ya sake haskawa, ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali, gilashi ba zai yi komai ba, magani sai dai ya rage mata gudu. Na dama ya riga ya tafi. Na hagu da ɗan sauran wuri, in ya kawo takarda dab da fuskarsa haruffa suna fitowa.

A bakin ƙofar asibitin ya riƙe min hannu, abin da bai taɓa yi a titi ba.

"Ki rantse ba za ki gaya wa kowa ba."

"Har yara?"

"Har yara. In aka ji mai gyara ba ya gani, an gama da ni."

Na rantse. Kuma ni mace ce mai baki, duk layinmu an sani, amma wannan na haɗiye shi. Tsoronsa ba na banza ba ne. Tun da mutane suka koma karanta labari a waya, jaridar take ramewa. An sallami masu ɗaukar hoto, an sallami masu tsara shafi, ɗakin da a da ba ka jin maganar na kusa da kai ya koma rabinsa tebura ne babu kowa. Duk ƙarshen wata sai an kira wani ofishin edita ya fito da ambulan a hannu. Mijina ba shi da wata sana'a, ba shi da abokin hira in ba takarda ba. Na san in aka raba shi da kujerar nan, zama zai yi a ɗaki har ya bushe.

Sai ya koyi ɓoyewa. Ya haddace matakalar ofis, ashirin da biyu ce, ta sha ɗaya tana da tsaga. Ya koyi gane mutane da takunsu, tun kafin su yi magana ya gaishe su. Teburinsa dama a lungu yake, bayan wata doguwar kabad ta tsofaffin jaridu, sai ya juya kujerar ta fuskanci bango. A nan yake ɗaga shafi ya manna shi a hancinsa, yana jan shi a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Shafin da a da yake gamawa kafin shayinsa ya huce, yanzu sai ya ci awa guda a kansa. Yana dawowa gida da jan ido da ciwon kai, in jiƙa tsumma in ɗora masa.

Ana haka wata mata mai shirya fim ta zo da mutanenta. Fim ɗin gaskiya take yi, irin wanda babu 'yan wasa, a kan yadda gidan jarida ke fama a zamanin waya. Mako uku suna yawo da kyamara a ofis. Mijina ya ƙi yarda a yi hira da shi, ya ce shi ba mai magana ba ne. In ya ji takunsu sai ya ajiye shafin a tebur ya yi kamar yana karantawa daga nesa kamar kowa. Da suka tattara suka tafi ya ce min, "Na tsira." Har ya ci abinci da yawa ranar.

Bayan wata takwas aka gayyaci ma'aikata da iyalansu kallon fim ɗin a wani zaure, ranar Asabar da yamma. Na zauna kusa da shi ina raɗa masa abin da ke allo. Edita yana layi biyu a gabanmu, ina ganin ƙeyarsa. An nuna injin, an nuna teburan da babu kowa, an nuna matasa suna ta danna waya. Can wajen ƙarshe sai kiɗan ya tsaya. Ashe masu fim ɗin sun leƙa ta tsakanin kabad da bango. Ga mijina nan ya cika allo, shafi manne a hancinsa, yana jan shi a hankali, a hankali. Hoton ya ƙi wucewa.

"Me ake nunawa?" ya tambaye ni. "Me ya sa aka yi shiru?"

Na damƙe masa gwiwa, ya gane. Ina kallon ƙeyar edita ina jira ya waiwayo. Sai kawai zauren ya ɗauki tafi. Edita ya waiwayo ɗin, amma murmushi yake, har da ɗaga mana babban yatsa.

Ba mu gane abin da ya faru ba sai ranar Litinin, da sharhin farko ya fito. Na karanta masa a wayata kafin ya fita. Mai sharhin ya ce fim ɗin ya yi tsawo, amma akwai wuri guda da ba zai manta ba, inda wani dattijo ya ɗauki shafi yana shinshinar tawada, kamar mai bankwana da abin da ya fi so. Na ajiye wayar na dube shi.

"Shinshina?" ya ce.

"Haka ya rubuta, Malam. Wai ƙanshin tawada kake ji."

"Takardar firinta ce fa. Ba ta da ƙanshin komai."

Dariya ta ƙwace min, irin wadda ke zuwa da hawaye. Kai, masu ilimi! Daga nan sharhi ya yi ta fitowa. Wani ya ce fim ɗin kuka ne kawai a kan takarda, bai tambayi dalilin da ya sa mutane suka daina yarda da jarida ba. Wata ta ce an cika nuna tsofaffi, an mai da matasan da ke aikin intanet kamar su suka kashe sana'ar. Wani ya yabe shi daga farko har ƙarshe. Amma duk wanda ya zaga ya zaga, sai ya dawo kan dattijo mai shinshina. Wani ma ya rantse shiri ne, mai fim ɗin ce ta sa shi ya yi. Wannan ya ɓata wa mijina rai, wai an mai da shi ɗan wasa, na ce masa ya gode wa Allah ya yi shiru.

Kada a ɗauka mun sami sauƙi. Kowane sabon sharhi sabon mutum ne da ya zauna ya ƙura wa fuskar mijina ido. Duk safiya sai ya zauna a bakin gado da takalmi ƙafa ɗaya, ya ce, "Duba min." Ni kuma in buɗe waya in duba. An yanko wurin nan an watsa shi, yana ta yawo a wayoyin mutane. Baƙi suka fara zuwa ofis su ga Baba, a ɗauke su hoto tare. Lungun da yake ɓuya ya zama wurin ziyara. Su miƙa masa jarida su ce, "Baba, ɗan yi mana irin na fim." Ya karɓa ya kai hanci ya ja numfashi, su yi ta murna. Ya dawo gida ya ce min ji yake kamar ɓarawon da aka ba gadi.

Mako na biyar, ranar Laraba, na buɗe waya na ga an turo min abu ɗaya daga wuri uku. Wata mai sharhi ce, ba ta da wani suna sosai. Na fara karantawa a zuci.

"Karanta da ƙarfi," ya ce. "Na ji numfashinki ya canja."

Na karanta. Ta ce ta kalli wurin sau goma. Ta ce a dubi idonsa na hagu, yana bin layi. A dubi leɓensa, yana motsi. Mai shinshina rufe ido yake yi, wannan buɗe nasa yake yi iya ƙarfinsa. Ta ce mahaifinta haka ya riƙa riƙe takarda shekara guda kafin ya daina gani. Ta ce abin kunya ne mai fim da masu sharhi duka, sun ga mutum yana makancewa a bakin aiki sun tsaya suna tafi. Na san don tausayi ta rubuta, amma a lokacin da tana gabana da na shaƙe ta.

Ya lalubo ɗayan takalmin ya sa. Kafin ya miƙe wayarsa ta yi ƙara, edita ne, wai in ya iso ya fara biyowa ta ofishinsa.

"Raka ni," ya ce. Bai taɓa cewa in raka shi aiki ba.

Na rufe shago na bi shi. A matakala ina jin yana ƙirgawa ƙasa-ƙasa. Editan yaro ne a kanmu, a gaban mijina ya fara aiki. Ya tashi ya ba mu kujeru, ya ce sannu Mama. Mijina bai bari ya fara ba. Ya cire hula ya riƙe, ya ce abin da matar nan ta rubuta gaskiya ne, shekara biyu ke nan, ya ɓoye don tsoro, in akwai kuskuren da ya fita a jarida laifinsa ne shi kaɗai. Ni na riga na shirya abin da zan zazzaga wa yaron nan in ya miƙo ambulan.

Edita ya sosa kai. "Haba Baba, wannan ai ba matsala ba ce. Ni kiran da na yi, za a nuna fim ɗin a wani gari, suna so ka je. Kujerarka tana nan, ba mai taɓa ta."

"Gyaran fa? Wa zai riƙa duba bayana?"

Yaron ya dube ni, ya dubi tebur. Ya ce gaskiya tun da aka canja tsari, labari intanet yake fara hawa, daga kwamfuta kuma shafi yake wucewa wurin bugu kai tsaye. Babu lokacin jira. Ana dai fitar wa Baba nasa kwafin kamar kullum, don ba wanda ya iya gaya masa.

"Tun yaushe?"

"An kusa shekara uku, Baba."

"To wanda nake gyarawa, ina yake zuwa?"

"Yana sito. Ba mu zubar ba, wallahi. Cikin kwali muke sawa."

Na so in yi masifa, na nemi ta inda zan fara na rasa. Mijina ya mai da hularsa, ya ce a ba shi kwalin ƙarshe. Ni na ɗauko shi a kai har bakin titi.

A gida ya sa na zazzage shi a kan teburin yanka na ɗinki. Ya ce in fara daga na ƙasa. Na ƙasan tsaf suke, kowace ƙugiya a kan harafinta, kowane waƙafi a wurinsa. Na gaya masa, ya gyaɗa kai.

"Na wannan watan fa?"

Na ɗauko na sama. Jan biron ya kauce wa layi. Ya sa ƙugiya a kan harafin da ba ya so, ya ja layi a ƙarƙashin kalmar da ba ta da laifi. A shafi ɗaya ya zagaye fili fari, inda babu rubutu ko ɗaya. Na tsaya da takardar a hannu.

"Ke nake jira. Kada ki yi min ƙarya."

Na gaya masa duka, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sauke numfashi ya ce, "Alhamdulillahi da ba su shigar ba."

Nan kuka ya ci ƙarfina. Ya bar ni na yi. Da na lafa sai ya laluba aljihun gaba ya zaro jan biron, ya miƙo shi wajen da yake jin muryata.

"Zauna ki gyara min su," ya ce. "Kada wani ya buɗe ya gan su haka."